Ilmin Mata Ba Baƙo Ba Ne a Gidanmu



Sau da yawa in aka ta da zancen ilmin mata a tarurrukanmu, sai wani ya miƙe ya ce ai wannan ra'ayin Turawa ne. To, bari mu koma gida mu duba.

Tun kafin jihadin 1804, wani malami, Mustafa Gwani, ya soki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo saboda mata suna halartar wa'azinsa. Abdullahi, ƙanen Shehu, ya mayar da martani cikin waƙa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala ba, an bar su da girki da wanki.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ba ta tsaya kan rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa ba. Ta lura matan aure na ƙauyuka ba su da halin zuwa Sakkwato, sai ta kafa 'Yan Taru. Ta naɗa dattijai mata, ta kira kowacce jaji, kamar mai jan ayarin fatake, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji takan zo da tsofaffi da 'yammata, su haddace waƙoƙin tauhidi da furu'a, su koma su koyar cikin gidaje. Ba ofis, ba albashi, amma aikin ya rayu bayan rasuwarta.

Me ya sa muka damu? Domin haƙƙin da mutum bai sani ba, ba ya iya nemansa. Shari'a ta ce sadaki na amarya ne, ba na waliyyi ba. Ta ba 'ya rabin rabon ɗa, ta ba matar mamaci sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Ta buɗe wa mace ƙofar hul'i. Amma mu nan mun san gonakin gado da 'yan'uwa maza suka riƙe shekara da shekaru, wai suna “ajiye wa” ƙannensu, su kuwa sun yi shiru, suna zaton shirun nan ibada ne.

Gobe wasunmu ne za su zauna a kujerun alƙalai da ma'aikatun ilmi. Kafin nan, hutu na tafe. Kowannenmu ya tambaya a gida: ƙanwarsa da aka cire daga makaranta aka aurar, a wane littafi ta tsaya, kuma wa ke karantar da ita yanzu?