"Halin Ubansa Ne": Gado Ko Tarbiyya?

Yau hirarmu kan yaron nan ne ɗan shekara 14 ko 15, mai saurin hannu, wanda ba ya jin bari. Sai ki ji an ce, "Ai halin ubansa ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

To, akwai ƙamshin gaskiya. Binciken masana kan tagwaye ya nuna gado na da kusan rabi a irin wannan hali. Amma fa sauran rabin ya dogara ga abin da yaro ya tashi a ciki.

Ki duba mu nan Sabon Birni da Isa. Tun 2019 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, wasu suka yi gudun hijira har jihar Maraɗi. Yaron da ya kwana daji, ya ga gawa, firgicinsa kan koma faɗa da taurin kai.

Don haka uwa, kar ki yi masa baki. Ki ja shi a jiki, ki san abokansa. In kin ga alamar shan ƙwaya, sa maigida ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.