Makon Al'adu da Tarbiyyar Zaman Tare a Jami'o'in Nijeriya

Jami'ar tarayya a Nijeriya wuri ne da hukuma ta tara 'ya'yan ƙabilu daban-daban da gangan, domin tsarin ɗaukar ɗalibai ya ware kashi 45 cikin 100 na gurabe ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, sannan kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya ta fuskar ilimin boko. Irin wannan tunani ne ya haifar da shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, shekara 3 bayan ƙare yaƙin basasa. Sai dai haɗa Batibi da Bahaushe da Bayarabe a ɗakin kwana ɗaya bai isa ya sa su san juna ba, musamman da yake ƙungiyoyin ɗaliban jiha, wato waɗanda 'yan asalin jiha guda ke kafawa don taimakon junansu, sukan zama mafakar da ɗalibi zai shekara 4 a cikinta bai taɓa zama hira da baƙo ba.

A nan ne makon al'adu yake da muhimmanci, wato kwanakin da ake keɓewa kowace al'umma ta baje kolin suturarta da abincinta da kiɗanta. Abin takaici shi ne yawancin mahalarta kowane taro masu al'adar ne da kansu, alhali kuwa zumunci a ƙafa yake. Bahaushen da ya taka zuwa taron Yarbawa zai ga gangarsu mai magana, wadda ake matse tsirkiyarta a hammata don sauya amo, ya gane 'yar'uwar kalangu ce. Idan kuma ya kalli kwagh-hir, wasan kwaikwayon Tibi da UNESCO ta sanya cikin kayan gadon ɗan Adam a 2019, zai fahimci cewa hikima ba ta tsaya a ƙofar gidansu ba.

Al'ummomin Nijeriya ma suna da tsohuwar dabararsu ta zaman tare, wato barkwanci ko wasan taubasantaka, wanda ke bai wa ƙabilu biyu damar zolayar juna ba tare da fushi ba, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Barebari, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarbawa. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki al'adar da daraja har UNESCO ta amince da ita a 2014, amma abin mamaki, da wuya a ji an yi bayanin asalinta a bukukuwan ɗalibai, inda rawa da ɗaukar hoto kan cinye lokaci.

Saboda haka ya kamata hukumomin jami'o'i su shardanta wa ƙungiyoyi gayyatar juna da ware lokacin bayani da tambayoyi, su kuma ɗalibai kowa ya halarci taron wata ƙabila da ba tasa ba, ko da sau ɗaya ne a kowane zangon karatu.