Riƙo a Zuciya: Magana ga Iyalan Mashaya

 

Sau da yawa in an ɗauko zancen giya a majami'a, mashayi ake yi wa wa'azi, shi kuwa galibi ba ya nan. Wadda take zaune a benci matarsa ce, ko mahaifiyarsa, ko ɗansa da aka koro daga makaranta saboda ba a biya kuɗi ba. Su ne suke shan wa'azin, su koma gida da kayan da suka zo da shi. To, yau da su za mu yi magana. Za ku ji muna ta cewa "shi", domin maza sun fi yawa a wannan hali, amma mun sani akwai gidan da uwa ce take sha, akwai kuma wanda 'ya ce.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ne kuka san buhun dawar da ya fita daga rumbu da dare tun damina ba ta faɗi ba. Ku ne kuka san kuɗin takin da ya ƙare a gidan burukutu, da akuyar da mace ta yi shekara tana kiwo aka sayar ba da saninta ba, da ranar auren 'ya da uba ya shigo gaban surukai yana tangaɗi. Kun san alkawarin da aka yi da hawaye ranar Lahadi, kafin Laraba ya rushe. Kowanne daga cikin waɗannan zuciya ta rubuta shi, har da rana da wata. Wannan rubutu shi ne muke kira riƙo.

Mu kuma akwai wani nauyi da ya ƙaru mana. A garin da ake iya ƙirga gidajen masu bi da yatsu, in mutum ɗaya ya faɗi a bakin kasuwa a buge, ba sunansa kaɗai ake kira ba, sai a ce ga halin Kirista nan. Da yawa daga cikinmu kakanninmu Maguzawa ne, giya tana cikin gayyarsu da bikinsu da makokinsu, waɗanda suka fara ba da gaskiya kuma barinta yana cikin shaidar da suka bayar a gaban dangi. Saboda haka iyalin mashayi a cikinmu sukan ɓoye sau biyu: su ɓoye wa maƙwabta don kada a zagi sunan Almasihu, su ɓoye wa ikkilisiya don kada a sa mai gida a horo. Fushin da ba shi da ƙofar fita kuwa ba ya mutuwa. Saiwa yake yi a ƙasa. Marubucin Ibraniyawa, a sura 12 aya 15, ya kwatanta ɗacin rai da tushen da yake tsirowa har ya ɓata mutane da yawa. Waɗanda ya fara ɓatawa su ne 'ya'ya, masu cin tuwo kowace rana tsakanin uba mai warin giya da uwa mai ɗaure fuska.

Bari mu buɗe Matiyu 18, daga aya 21. Bitrus ya yi tambaya a kan yawan gafara, Yesu ya ba shi misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuwa ya fita ya shaƙe abokin bautarsa a kan dinari 100. Mun saba cewa dinari 100 ba komai ba ne. A sake dubawa. Dinari ɗaya ladan yinin ɗan ƙwadago ne, kamar yadda muka gani a Matiyu 20, ke nan dinari 100 gumin fiye da wata uku ne. Wanda aka cinye wa gumin wata uku an cuce shi, Ubangiji kuma bai ce ba a cuce shi ba. Mama, bashin da kike bin mai gidanki bashi ne na gaske. Ba wanda ya isa ya ce miki ba a yi miki komai ba.

Amma kalmar da aka fassara mana da gafara a wannan sura, a Helenanci ma'anarta saki ce, kamar mutum ya buɗe tafin hannu ya bar abu ya tafi, ko mai bin bashi ya yaga takarda. Ku dubi bawan nan da hannuwansa a wuyan ɗan'uwansa. Muddin yana shaƙe da shi, shi ma hannuwansa biyu a ɗaure suke. Ba ya iya ɗaukar fartanya, ba ya iya rungumar ɗansa, ba ya iya ɗaga su ga Allah. Sannan wanda aka shaƙe ɗin ba shi da abin biya. Shekara goma sha biyar da giya ta ci, ko mai gidanki ya tuba yau da yamma, ba zai iya maido miki da su ba. Riƙo jiran biyan da ba zai zo ba ne. Sakinsa kuwa shi ne ki ɗauki takardar nan ki miƙa wa Mai shari'a, yadda Romawa 12:19 ta koya mana mu bar wa Allah ramuwa, ki karɓi hannuwanki.

A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, domin an koya musu cewa gafara ita ce a yi shiru, a rufa asiri, a mayar da makullin rumbu. Don haka muna so mu daɗe kaɗan a kan wata mace, Abigiyel, a 1 Sama'ila 25. Gaskiya ce Littafi bai ce mijinta Nabal ya kamu da jarabar sha ba, ya dai nuna mana shi mai taurin kai da mugun hali, ya kuma nuna mana shi a buge ƙwarai a daren da gidansa yake bakin halaka. Duk matar da ta zauna da mashayi za ta gane gidan nan.

Nabal attajiri ne, tumaki 3,000, awaki 1,000. Lokacin sausayar tumaki Dawuda ya aiko neman abinci, domin mutanensa sun tsare makiyayan Nabal a jeji. Nabal ya mayar da 'yan aiken da zagi. Dawuda ya taso da mutum wajen 400 da takuba. Wani bara ya gudu ya faɗa wa Abigiyel, ba Nabal ba, domin gidan kowa ya san ba a iya magana da shi. Me ta yi? Ba ta zauna tana lissafa wautarsa ta baya ba. Ta ɗora gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran guzuri a kan jakuna, ba ta nemi izninsa ba, ta tari Dawuda a hanya. Da ta isa ba ta yi ƙarya don ta kare mijinta ba, ta faɗi halinsa a fili. Da ta dawo ta tarar da shi yana shagali irin na sarki, ya bugu, ba ta ce masa uffan ba. Sai da gari ya waye giya ta sake shi, sannan ta faɗa masa duka, ba ta rage ba.

Ku lura da jerin nan: ta ceci gidan, ta faɗi gaskiya, ta zaɓi lokacin magana, ba ta kuma ɗauki fansa da hannunta ba. Har ma ita ce ta roƙi Dawuda kada ya ɗauka, don kada zubar da jini ya zame masa nauyi a zuciya in ya hau sarauta. Nabal ya mutu bayan kamar kwana goma, wannan kuwa hukuncin Allah ne, ba a rubuta shi domin wata ta koma gida tana ƙirga wa mijinta kwanaki ba. Abin da muke ɗauka shi ne halin matar.

Saboda haka wanda ya saki riƙo yana da 'yanci ya riƙe makullin rumbu da katin banki. Yana da 'yanci ya ƙi biyan bashin mai giya, ya ƙi zuwa wurin aiki ya ce wa shugaba zazzaɓi ne. Kada a aiki yaro ya sayo, ko ya je ya ɗauko ubansa daga mashaya. Gafara kyauta ce, amma amana sai an sake gina ta da kwanaki. Yusufu ma sai da ya gwada 'yan'uwansa kafin ya bayyana musu kansa. In kuwa abin ya kai ga duka, ko an zare wuƙa, ko yara suna kwana da tsoro, to, a fita a nemi mafaka wurin dangi, a sanar da dattawa, in ta kama a sanar da hukuma. Dawuda ya kauce wa māshin Saul, bai kuwa ƙi shi a zuciya ba. Muna roƙon dattawa, kada mu mayar da mace inda ake dukanta da kalmar "ki yi haƙuri" kawai. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ba ya ɗinke karayar ƙashi.

Akwai wani sani da yake taimakon zuciya ta saki. Abin da ya fi yi wa iyali ciwo shi ne tunanin cewa ya auna mu da kwalba, ya zaɓi kwalba. Littafi ya kira buguwa zunubi, a Galatiyawa 5 da Afisawa 5, ba kuma za mu sauya masa suna ba. Amma likitoci sun nuna cewa in mutum ya daɗe yana sha da yawa, ƙwaƙwalwarsa takan saba da giyar har ta kasa daidaita in babu ita. Shi ya sa za ku ga hannunsa yana rawa da safe, yana gumi, sai ya kurɓa ya natsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa wannan cikin cututtuka. A rahotonta na 2024 ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 209 ne suke cikin wannan kamu a duniya, giya kuma ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar. Sannan in buguwa ta yi nisa, ƙwaƙwalwa takan daina ajiye abin da yake faruwa. Zagin da ya yi miki jiya da dare, ke kin haddace shi kalma kalma, shi kuwa mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba da ya ce bai tuna ba. Wannan bai wanke shi ba, a faɗa masa da safe kamar yadda Abigiyel ta yi. Amma ki gane cewa ke kaɗai kike kwana da maganar.

A Amurka, a 1935, wasu mashaya biyu suka fara ƙungiyar taimakon juna ta Alcoholics Anonymous. A 1951 matar ɗayansu, Lois Wilson, tare da wata abokiyarta, suka kafa Al-Anon domin iyalai, saboda sun ga cewa ko mai gida ya daina sha, fushin matarsa ba ya tafiya da kansa. Abin da suke koya wa juna a taƙaice shi ne, ba ke kika jawo shansa ba, ba ki da ikon tsare shi, ba kuma ke za ki warkar da shi ba. Mu masu bi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Mai ceto ɗaya ne, ba kuwa matar gida ba ce, ba ɗan fari ba ne. Riƙo da yawa daga nan yake fitowa: mutum ya ɗora wa kansa aikin ceto, ya zubar da kwalabe, ya yi azumi, ya yi barazana, ya kasa, sai ya ƙi wanda ya kasa cetowa.

Ga matasa da suka tashi a irin wannan gida, muna tuna muku da wan nan na Luka 15. Shi ne ya zauna ya yi noma sa'ad da ƙanensa ya tafi ya lalatar da dukiya. Ƙorafinsa yana da tushe. Amma ranar da aka yi biki a gidansu, shi ne yake tsaye a waje, sai da uban ya fito yana lallashinsa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba dole ne ka ba babanka kuɗi a hannu ba, kana iya sayen hatsi ka kai wa mamarka, kana iya biyan kuɗin asibitinsa kai tsaye. Gaisuwa dai kada ta yanke.

Wasu suna ƙin zuwa Jibin Ubangiji domin sun yi addu'ar gafara jiya, yau da safe fushin ya dawo. Dawowar fushi ba ta nuna cewa gafarar ƙarya ce. Laifin da ake maimaita muku kowane mako, sakinsa ma kowane mako ne, shi ya sa Yesu ya ba Bitrus lissafin da ba ya ƙirguwa. Ku zo teburin. Ku kuma sami mutum ɗaya ko biyu masu riƙe asiri, ku riƙa faɗa musu gaskiyar abin da yake faruwa. Zumuntar mata, maganar da 'yar'uwa ta kawo don addu'a kada ta riga ta isa kasuwa.

Abu na ƙarshe na lafiya ne, muna so kowa ya ji shi. In Allah ya taɓa zuciyar mai shan ya ce zai daina, kuma ya daɗe yana sha kullum, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya. Yankewa farat ɗaya tana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, da ruɗewa da gane-gane bayan kwana biyu ko uku, tana kuma iya kisa. Ku yi addu'a, ku kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano, babban asibitin da yake kusa da ku ma zai iya nuna muku hanya. In kuɗin mota ne ya gagara, dattawa su duba asusun taimako na ikkilisiya, irin wannan rana aka tara shi dominta. In kuma ya yi wata uku ya sake faɗuwa, hakan yakan faru, a sake kai shi.

Bayan an tashi, fastoci da matansu za su tsaya a baya domin duk mai son a yi magana da shi a keɓe. Yanzu bari mu sunkuyar da kai, kowa ya kira sunan nasa a zuciya a gaban Ubangiji, mu yi addu'a.