Gani Ya Kori Ji: Jawabin 'Ya'yan Ƙungiya Masu Koyon Binciken Lissafi



Shugaban ƙungiya, limamanmu, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka taso daga Maraɗi da Kano da Gaya da Legas, barkanku da zuwa Godome. Allah ya maimaita mana wannan rana, ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.

Mu 'ya'yanku ne. A shagunanku na Zango da Dantokpa muka tashi, da kuɗin fataucinku aka biya mana makaranta. Duk da haka, idan muka shigo rumfa muka yi sallama, wani lokaci sai mu ga an tura littafi ƙarƙashin tabarma. Mun ji ana cewa, "Yaran nan fa ofishin haraji suke yi wa aiki." Shi ya sa muka roƙi 'yan mintunan nan, mu faɗi aikin da muke koyo da bakinmu.

Koyon namu bai bambanta da wanda kuka sani ba. Yaron shago yakan yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana kallon yadda maigida ke ciniki, kafin a sallame shi da jari. Mu ma haka ne. Da rana muna ofishin wani babban akanta, da yamma muna aji. Wasunmu sun bi ta makarantar ENEAM ta Jami'ar Abomey-Calavi, wasu suna shirin jarrabawar ICAN ta Najeriya. Wanda yake son ya zama cikakken gwani a ƙasashen sefa, sai ya ƙara shekara 3 a ƙarƙashin maigidansa bayan karatu, kafin ƙungiyar akantocin Benin ta rubuta sunansa. A yanzu ba ma sa hannu a komai. Ƙirga namu ne, sa hannu na maigida ne.

To me mai binciken lissafi yake yi? Idan littafi ya ce akwai buhu kaza a sito, sai ya je ya ƙirga. Idan an ce an biya kuɗin duwan a tashar jiragen ruwa, sai ya nemi rasit. Idan an ce ana bin wane bashi, sai ya rubuta wa wanen ya tambaye shi nawa ya san ana binsa. Ba don ya ɗauki kowa ɓarawo ba. Gani ne ya kori ji. Kuma doka ta ɗaure bakinsa: abin da ya gani a littafin mutum sirri ne. Haka nan ba a yarda ya binciki dukiyar ubansa ko ta ɗan'uwansa ba, don kada kunya ta rufe masa ido.

Ƙarshen Disamba shi ne kakarmu, domin ranar 31 ga wata ake rufe lissafin shekara. A irin wannan ƙirga ne ɗayanmu ya tarar da sito ya yi giɓin shinkafa. Kafin la'asar an yanke hukunci cewa yaron da ke riƙe da makulli ne, har an aika wa iyayensa. Ɗan'uwanmu ya kwana biyu yana bin takardun motocin da suka fita. Ashe maigidan da kansa ya ba wani abokin cinikinsa na Malanbil kayan bashi ta waya, bai rubuta ba, ya manta. Da aka tuna masa sai ya yi salati. Ba kuɗi kaɗai aka ceto ranar ba, har da mutuncin ɗan mutane.

Iyayenmu, zamanin riƙe lissafi a ka ya yi wuya. Kun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kaya suka yi ta ruɓewa a Seme. Kun ga yadda hanyar Malanbil da Gaya ta toshe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, amma naira ba ta ɗaure da komai. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta wuce 1,400. Wanda ya sayo kaya da sefa ya bayar bashi da naira, an biya shi cif, bai yi faɗa da kowa ba, amma uwar kuɗinsa ta zaizaye. Littafin da ke nuna kuɗin kowace ƙasa da canjin ranar da aka yi ciniki, shi ne zai gaya masa gaskiya tun da wuri.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne rasuwa. Duk mun san gidan da maigida ya tafi da lissafinsa a ƙirji. Masu binsa suka zo da shaidu, waɗanda yake bi suka yi shiru, marayu suka tashi da makullin sito babu komai a ciki. Malamanmu suna nan, sun fi mu sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Dokar OHADA, wadda Benin da Nijar suke cikin ƙasashe 17 da ke binta, daga baya ta zo. Ita ma ba ta matsa wa ƙaramin ɗan kasuwa ba: wanda cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba, littafin shiga da fita mai sauƙi ya ishe shi. Sai dai ya adana takardunsa shekara 10.

Saboda haka roƙonmu uku ne. Na farko, kowane bashi a rubuta shi ranar da aka bayar, da boko ko da ajami, tare da irin kuɗin da aka yi ciniki da shi. Na biyu, a raba aljihun shago da aljihun cefane. Na uku, mu fara da kanmu: asusun ƙungiya, da kuɗin wata-wata da na taimakon rasuwa, a ba wani akanta na waje ya duba sau ɗaya a shekara, a karanta sakamakon a gaban kowa. Wannan ba zargin ma'ajinmu ba ne, kare shi ne daga bakin mutane.

Mu kuma mun ɗauki alkawari. Duk Lahadi bayan azahar za mu zauna a ofishin ƙungiya, wanda yake so ya turo yaronsa ko 'yarsa mu nuna masa yadda ake jan layin littafi, ba ko sisi. Ku kuka koya mana amana, rubutunta kawai muka je koyowa.

Idan mun yi wa manya tsaurin ido, a yafe mana. Allah ya buɗe hanyoyi, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.