Barewar Damargu da Teburin Manya



A Turai, idan za a dafa naman barewa sai a jiƙa shi cikin giyar inabi da albasa da ganyen ƙamshi, ya kwana ɗaya ko biyu, don ya yi laushi, gafinsa ya fita. Girki ne na wanda bai san gaggawar yunwa ba. Ku bar zancen giyar, malamai sun gama da shi. Ni barewar nake tambaya: a ina aka harbo ta, wa ya ba da izini?

Ku tambayi tsofaffin Tanut da Belbeji. Damargu rumbun hatsi ce, ita ke ciyar da Abzin, kuma daga nan ayari ke ɗaukar gashin jimina har Tarabulus. Yau jimina ta ƙare a dajinmu, sai wadda ake kiwo cikin shinge a Kelle. Fari ya ci nasa, gaskiya ne, amma fari ba ya hawa kat-kat, ba ya haska fitila da dare. Shekaru aka yi yarimomin ƙasashen Larabawa na shigowa farauta da jerin motoci da shahuna, kuma baƙo ba ya ratsa hamada da bindiga sai wani babba a Yamai ya sa hannu.

Doka kuwa akwai ta, tun 1998. Talaka ya kama barewa ɗaya, ma'aikatan gandun daji na kansa. To, mai motoci ashirin fa?

A 2012 aka keɓe Termit da Tin Tumma, gabas da mu, don kare namun daji. A 2016 masu ƙidaya suka zagaya neman dabbar nan addax, uku rak suka gani. A 2019 gwamnati ta sake shata iyakar gandun don a ba haƙar man fetur wuri. Wanda ya ga yaran Tanut a yunwar 2005 ya san dukiyar nan ba a tukunyarmu take dahuwa ba.

Abin da muke nema ba shi da wuya: a buga sunan duk wanda aka ba takardar farauta a jihar Damagaram, da kuɗin da ya biya, da inda kuɗin suka shiga. Duk babban da ya zo Tanut ko Belbeji da ayarin motoci, ku miƙe cikin ladabi ku tambaye shi a bainar jama'a, wayoyinku na ɗauka.