Hatsarin Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya ga Karnukan Gida

Jama'a da dama ba sa kallon ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini a matsayin magani, domin a kyamis ake sayensu ba tare da takardar likita ba, don haka akan bar su a kan tebur ko cikin jaka, inda bakin kare zai iya kaiwa. Shi kuwa kare, muddin ya ji zaƙi ko ƙanshin nama a jikin ƙwaya, yakan tattauna robar maganin ya haɗiye duk abin da ke ciki, alhali sau da yawa nauyinsa bai kai rabin na babban mutum ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tayar wa likitocin dabbobi hankali shi ne bitamin D, saboda a kitse yake narkewa, jiki kuma ba ya zubar da rararsa ta fitsari, sai dai ya taskance ta. Idan ya yi yawa yakan ɗaga kalsiyam da fosfaras a jini, wato ma'adanan da ake gina ƙashi da su, har su riƙa daskarewa a ƙoda da zuciya da hanyoyin jini. Alamunsa su ne amai, ƙin abinci, kasala, yawan shan ruwa da yawan fitsari, kuma sukan ɗauki awa 12 zuwa 36 kafin su bayyana, jinyar kuwa takan kai makonni. Ya isa hujja a ce da irin wannan bitamin ake haɗa wani nau'in maganin ɓera. Ko masana'anta ba su tsira daga kuskure ba, domin a shekarar 2019 kamfanin Hill's na Amurka ya janye abincin karnuka na gwangwani daga kasuwa bayan an gano bitamin D ɗin da ke cikinsa ya wuce ƙima.

Maganin ƙarin jini da ake ba mata masu juna biyu, wanda ake samu a gidaje da yawa a ƙasar Hausa, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma abin da ya haura miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin kare yana iya cutar da shi. Illarsa mai ruɗi ce, domin bayan amai da gudawa karen yakan yi kamar ya warware, a daidai lokacin da hanta ke lalacewa. Akwai kuma zailitol, wani abin zaƙi da ake sa wa wasu bitamin na taunawa, wanda ke karya sukarin jinin kare, wani lokaci cikin ƙasa da awa guda.

Saboda haka jiran alamu babban kuskure ne, ɗura wa kare manja ko madara kuma ba ya kashe irin wannan guba. Ana kira ga duk mai kiwon kare, na gadi ne ko na farauta, da ya adana waɗannan ƙwayoyi a kabad mai makulli, idan kuma abin ya auku ya garzaya asibitin dabbobi da karen tare da robar maganin, domin likita ya lissafa adadin da aka haɗiye.