Mai Digiri a Gaban Allo: Ina Horon da ke Cikin PGDE?



Takardar nan ta shafi rukuni guda na malaman sakandare: waɗanda suka yi digiri a lissafi, ko kimiyyar sinadarai, ko tarihi, ko Turanci, ba su karanta fannin koyarwa ba, sai ga su riƙe da alli. Hanyar da aka tanadar musu su zama ƙwararru ita ce babbar difloma ta fannin ilimi, wato PGDE. Ra'ayina shi ne mun bar ta ta zama takardar cika sharaɗi, kuma ɓarakar tana wajen koyarwar gwaji.

Da ba haka ake yin malami ba. Kwalejin Katsina, da aka buɗe a 1922, shekara biyar take riƙe ɗalibi kafin ta sake shi ya koyar. Rahoton Ashby na 1960 ya kawo manyan kwalejojin horar da malamai, irin ta Zariya da ta fara a 1962, da shaidar NCE mai shekara uku. Amma sakandare ta yi ta yaɗuwa, musamman bayan tsarin 6-3-3-4 da shirin UBE na 1999, har masu NCE da masu digirin koyarwa suka kasa cike azuzuwa. Sai aka buɗe ƙofa ga duk mai digiri, aka haɗa da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda ake tura wa makarantu ba tare da an tambaye su ko sun taɓa tsara darasi ba.

Doka ta yi nata ƙoƙarin. An kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993, kuma tun 2017 take shirya jarrabawar cancanta kafin ta ba da lasisi. Mai digirin da ba na koyarwa ba sai ya kawo PGDE ko makamanciyarta, daga jami'a ko daga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Sai dai ya sauya dalilin zuwan mutane. Da yawa cikin masu cike fom ɗin sun shekara suna koyarwa. Lasisi da ƙarin girma suka kawo su. Ana karatun ƙarshen mako, a haddace tarihin ilimi da falsafarsa da ra'ayoyin Piaget, a rubuta jarrabawa, a ci.

Koyarwar gwajin kuwa makonni ne 'yan kaɗan. Sau tari ɗalibin a makarantar da yake aiki yake yin ta, a ajin da ya saba. Mai duba shi ya zo sau ɗaya ko biyu, ya duba littafin tsara darasi, ya zauna rabin darasi, ya ba da maki, ya kama hanya don akwai wasu makarantun a gabansa. Ba laifinsa ba ne, ɗaliban sun yi masa yawa. Amma tela ba ya yaye yaronsa don ya ga ya ɗinka riga ɗaya.

Ku dubi abin da malamin yake fuskanta. Yaron aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya baro hannun malami guda a firamare, yau malamai da yawa ke shiga suna fita. Turancinsa bai nuna ba, ga littafi da jarrabawa duk da Turanci. Mai digirin lissafi ya san cewa idan aka ninka lamba mai alamar ragi da 'yar'uwarta sakamakon zai fito ba ragi. Abin da jami'a ba ta koya masa ba shi ne inda kan yaro ke ɗaurewa, da misalin da zai warware masa, da lokacin da ya dace ya juya zuwa Hausa ya yi bayani sannan ya dawo da yaron kan kalmar da zai tarar a takardar jarrabawa. Kusan kowane malami a Arewa yana wannan juyin harshe, amma a ɓoye, kamar mai aikata laifi, ba tare da an nuna masa yadda ake yin sa da tsari ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Haka malamin kimiyya da aka tura makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta a rufe yake: ba wanda ya koya masa abin da zai yi da kwalba da gishiri da lemun tsami, sai ya koma cika allo da rubutu, yara suna kwafa.

Shawarata ita ce koyarwar gwaji ta zama zango guda cikakke, kuma a makarantar da ba ta ɗalibin ba. A ɗora shi a hannun gogaggen malami mai koyar da darasi irin nasa, wanda zai zauna a bayan aji kowane mako, su tattauna bayan an tashi. A biya wannan malamin alawus, a sa aikin cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girmansa, makin da ya bayar kuma ya yi nauyi daidai da na malamin jami'a. Tun da dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 ta aiki, muna da dattawan da za su iya ɗaukar wannan nauyi.

Kwas ɗin dabarun koyarwa kuma a raba shi darasi-darasi. Mai lissafi da mai adabi ba su da dalilin zama lacca ɗaya. A ƙara kwas kan koyarwa a aji mai harshe biyu. Za a ce wanda ke aiki ba zai iya barin makarantarsa zango guda ba. Ma'aikatun ilimi na jihohi na iya musanya malamai tsakanin makarantu biyu na gari ɗaya, albashin kowa yana tafiya, ba ajin da zai zauna babu malami. Ina roƙon wakilan ma'aikatun su gaya mana abin da zai hana a gwada haka a shiyya ɗaya a zangon karatu mai zuwa.